Ranar da na riƙe wa Baba ganga

Shekarun baya, mahaifina ya yi ciwon da ya shanye masa ɓarin hagu. A Adogi yake, ni kuma ina Akurba ina ɗinki. Baba manomin doya ne, kuma makaɗin noma. Duk wanda ya kira gayya, shi ke tsayawa bayan manoma da ganga, yana yabon mai sauri yana tsokanar mai nawa.

Ni dai tun ina firamare na raba abubuwan biyu a raina. In an ce garma, aiki nake ji. In an ce ganga, wasa nake ji.

Ruwan farko ya sauka, irin doyar Baba ya fara tsiro a rumfa, gona kuwa ba a huɗe ta ba. In irin ya lalace, gidanmu ba abincin shekara. Yayana kaɗai ke fama. Ni mutum ne mai damuwa, ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon. Na kasa cin abinci. Na tafi ƙauye na bi gida-gida ina roƙon a taimaka. Kowa sai ya ce, “To, za mu gani.” Ba wanda ya zo.

Wata safiya Baba ya ce, “Ku ɗauko min ganga, ku kai ni gona.”

Na ce, “Baba, likita ya ce ka huta. In rana ta buge ka fa? In ka faɗi fa? In ciwon ya dawo fa?”

Ya ce, “Kai, in-in ɗinka ya fi ciwon nan gajiyar da ni. Kawo mashin.”

Yayana ya tuƙa, Baba a tsakiya, ni a baya na rungume shi ina addu'a. Muka zaunar da shi gindin mangwaro. Na ɗauki garma zan shiga gona, sai ya kira ni.

“Ajiye. Hannun tela ne da kai, kafin azahar ka yi kanta. Zo ka zama hannuna na hagu.”

Gangar noma a kafaɗa ake ratayawa, shi kuwa kafaɗar ta mutu. Na durƙusa a gabansa na rungume gangar a ƙirjina, ya riƙe sandar kiɗa da dama. Bugun farko bai fita ba. Na biyu ma haka. Na ga gumi a goshinsa, na buɗe baki zan ce mu koma gida. Sai kiɗan ya kama. Har cikin haƙarƙarina nake jin sa.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya fara ɓullowa, garma a kafaɗa.

Ya ce, “Wallahi na ɗauka kunnena ke min ƙarya! Tsoho, ba ka mutu ba?”

Baba ya ce, “Ina jira ka riga ni. Shiga, in ga ko da saura a bayan naka.”

Daga nan mutane suka yi ta zuwa, har waɗanda suka ce min za su gani. Baba yana kiran kowa da kirarin da ya taɓa yi wa ubansa. Na lura garma ba ta sauka sai tare da bugun ganga. In ya sassauta su sassauta, in ya matsa su matsa. Ni kuwa idona na kan jijiyar wuyansa, ina ta tambaya, “Baba, ruwa?”

Ya ce, “Riƙe da kyau, malam likita, tana zamewa.”

Kafin la'asar gona ta tashi. Muka dasa irin a makon.

Baba ya ci sabuwar doyar shekarar. Bayan girbi Allah ya karɓi abinsa. Da kawunmu ya zo raba kaya, ya tara garma da fartanya da adda a gefe guda, ya sa gangar cikin tarkace, tare da rediyo da tabarmi. Yayana ya tashi ya ɗauko gangar, ya ajiye ta a tsakiyar garemani. Kawu ya dube shi, ya sunkuyar da kai.

Gangar tana wurina yanzu, rataye a ɗakina. Ban iya kaɗawa ba. Aikina duba ta, kada gara ko ɓera su taɓa fatar, kuma kun san ni, sai na duba na sake dubawa. Har yau wani lokaci nakan tambayi kaina ko ranar ce ta rage masa kwana. Amma ban taɓa ganin sa da rai kamar ranar ba, tun da ya kwanta.

Baƙo in ya shigo ya gan ta yakan ce, “A'a, tela, ashe kana kiɗa?”

Sai in ce a'a, kayan noman babana ne.