Zanen da Yaya Saude ba ta gama kalmashewa ba

Shekara takwas ke nan cif da Allah Ya karɓi ran yayata, Yaya Saude. Mu biyu ne mata a ɗakinmu. Aure ya kai ta garin Sabuwa, ni kuma ya ajiye ni a Ƙanƙara, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba tafiyar da mace ke yi don ta gaisa ta juyo ba ce. Sai mu shekara ba mu sa juna a ido ba.

Sana'arta saro kayan mata na auduga daga Maraɗi: atamfa, fallayen zannuwa, kallabi. Matan Ruwan Godiya da ƙauyukan Faskari su ne masu sayenta. Wata shekara gab da ƙaramar salla, tana zaune a tashar Maraɗi tana jiran mota ta cika, sai ta tuna yawancin matan nan ba su da tela kusa. Ta ciro zare da allura ta shiga kalmashe bakin zannuwan, don mace ta saya ta ɗaura kawai.

Da suka iso kan iyaka a Jibiya, ma'aikacin kwastan ya ɗaga zane ɗaya, ya bi bakinsa da yatsa, ya yi mata bayani cikin ladabi cewa a tsarinsu ƙyallen da ba a taɓa ba yadi ne, amma da zarar an kalmashe shi ya koma layin ɗinkakkun kaya, kuma kuɗin fitonsu daban. Ta ce ta dube shi ta ce, "Yaro, kana nufin zanen da ba a kalmashe ba, ba sutura ba ne? To uwarmu da mi ta rufe jikinta har ta koma ga Allah?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai Hajiya haka ya tarar da dokar. Wata abokiyar tafiya ta raɗa mata ta koma gefe ta warware ɗinkin. Ta ƙi. Ta ce abin da ta fara da bisimilla ba za ta warware shi don a ruɗi wani ba. Ta biya, ta ɗauki ƙunshinta.

Daga wannan tafiyar ba ta ƙara sa allura a kaya kafin ta tsallako ba. Sai ta riƙa sauka a gidana ta kwana biyu, mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan azahar, mu yi ta kalmasa. Ita tana ɗinki tana zuba labarin hanya, ni ina saurare. Takan ɗaga nawa ta ce, "Auta, wannan ɗinki ne ko sawun kaza?" Malam, maigidana, in ya shigo yakan tambaya ko ma'aikatar ɗinkin ta tashi, a ba shi abinci. Ban taɓa ganin ma'aikacin kwastan ɗin nan ba, ban san sunansa ba, amma na sha sa shi a addu'a. Dokarsa ce ta riƙa kawo mani 'yar'uwata har tsakar gida.

Yanzu abubuwa sun sauya. Dogayen riguna na auduga suna zuwa a ɗinke cikin leda, 'yan mata su zaɓa a waya a kawo masu. Nakan tambayi kaina mi Yaya za ta ce. Ina jin za ta murza rigar tsakanin yatsu, ta taɓe baki, sannan ta sayo ta sayar, don ba ta da girman kai a sana'a. Abin da zai fi yi mata ciwo shi ne hanya. Matan da take bi gida-gida da ƙunshi, da yawansu sun bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Ni kaina rabona da Sabuwa tun zaman makokinta.

A saukarta ta ƙarshe ciwon kai ya matsa mata, ta ajiye wani zane shuɗi mai zanen ganye, gefe ɗaya a kalmashe, allura soke a jiki. Ta ce in bar mata, in ta dawo ta ƙarasa, kada in ɓata shi da sawun kazata. Ba ta dawo ba. Yana ƙasan akwatina, allurar ta yi tsatsa har ta bar tabo. Sau da yawa nakan ciro shi bayan azahar, in zauna inda muke zama, in mayar.

Watan jiya Murja, ɗiyar Yaya, ta kira ni. Tana da tsohon ciki, tana son abin goyo da hannun mahaifiyarta ya taɓa. Ta ce, "Inna, ki ƙarasa shi ki aiko." In na ƙarasa, shi ke nan, babu sauran abin da Yaya za ta dawo ta yi a gidana.

Jiya na sake allura, na zauna ni kaɗai na kalmashe ɗaya gefen. Nata layin ya miƙe sambal, nawa ya karkace kamar kullum, kuma babu wanda ya ɗaga ya yi mani tsiya. Gobe direban Sabuwa zai tafi da shi. Allah Ya jiƙan Yaya Saude, Ya haskaka makwancinta, Ya kai zanen nan lafiya zuwa gadon bayan da zai goya jikanta.