Sajan Tusajigwe ta Gangaren Mbalizi

Ƙarfe shida na safe take isowa kan gangaren Mbalizi cikin fararen kayanta na 'yan sandan hanya. Babbar mota ba ta sauka sai Sajan Tusajigwe Mwakalinga ta zagaye ta, ta duba tayoyi, ta sa direba ya taka birki a gabanta. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Na taɓa zaginta, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ranar auren ƙanena ne. Mun cika bas ɗin haya maƙil, har da mahaifiyarmu, ga shi mun makara zuwa coci. Sajan ta tsayar da mu, ta sunkuya wajen tayar baya, ta daɗe. Da ta miƙe sai ta ce wa direbanmu, Gwakisa, ya kashe mota.

"Haba Sajan, jiya-jiya aka yi mata gyara!"

"Kashe na ce."

Kawu Anyisile ya leƙo ta taga. "Ke 'yar nan, kin san ko ni wane ne? Waya ɗaya zan buga a mayar da ke ƙauye."

"Buga, Baba. Amma sauko ka buga."

Mata suka hau ihu. Ni kuwa na ce mata marar imani. Gwakisa ya sa giya, motar ta fara gangarawa. Sai Sajan ta sha gabanta ta tsaya, ƙarfen motar na kusan taɓa ƙirjinta, ta ɗaga hannu ɗaya. Injin na ruri, ita ko gezau. Mahaifiyarmu ta rufe ido. Can Gwakisa ya taka birki, ya kashe.

Bakaniken da aka kira ya shiga ƙarƙashi, ya fito hannunsa sharkaf da mai. Bututun birki ne ya fashe, aka ɗaure shi da roba. Ya ce da mun sauka, birkin ba zai kai mu rabin gangaren ba. A ƙasa kuwa kasuwa ce, rannan tana ci.

Sajan, ke ce kika sha zaginmu ba ki rama ba. Ke ce kika nemo mana wata motar, har kika riƙe hannun Kawu ya hau. Mun gode, uwar hanya.

Ku masu gadonta, ku tsaya inda ta tsaya. Mu kuma, in an ce mu sauko, mu sauko.