Takalmin da Malam Ya Bar Mini Ajiya

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen watan Satumba, da misalin ƙarfe goma na safe, a gidan da muke haya a unguwar Sri Petaling, a ƙasar waje inda muke karatu. Mu uku ne a falo: ni, da abokin zamana, wani Bazazzagi mai karatun kimiyyar magunguna, da kuma Malam, wanda ya girme mu da kusan shekara goma sha biyar, yana shekarar ƙarshe ta digirinsa na uku. Washegari zai tafi Najeriya tattara bayanan bincike na wata huɗu, ya kuma saki ɗakin da yake haya a wata unguwa. Sauran kayansa ya kulle su a sito. Kwali ɗaya ne ya ƙi kullewa, ya rungumo shi zuwa wurina.

Takalmi ne sau-ciki, ruwan ƙasa mai duhu, ɗinkin hannu, har ƙasansa fata ce. Maiɗakinsa ce ta saya masa domin ranar da zai kare kundinsa, bai taɓa taka shi ba.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Kada ya kusanci leda. Duk Juma'a in fito da shi ya sha iska a inuwa, in share shi da busasshen ƙyalle, in canza takardun jaridar da aka cusa a ciki. Ya ce a gida ƙura ake tsoro, a nan kuwa laima ce ke cin fata.

Bazazzagin ya ce, "Malam, Bakano za ka ba ajiya? Kafin ka sauka a Abuja ya kai shi kasuwar Chow Kit ya sa masa kuɗi."

Malam ya yi dariya ya ce, "Kai dai bari. Da na ga wanda ya fi shi tsari, da can na kai."

Juma'a biyar na yi yadda ya ce. A mako na shida aka sa ni gabatar da takarda a wani taro a tsakiyar gari, kuma da safen ranar na tarar ƙasan nawa takalmin ya ɓamɓare. Lambarmu ɗaya da Malam, arba'in da uku, na san haka tun ranar farko domin na duba. Na ce wa kaina daga jirgin ƙasa sai ɗakin taro, duk a kan tayil, wa zai sani. Ban kira shi ba, alhali wayarsa tana shiga.

Taro ya tashi ƙarfe huɗu. Na fito ta unguwar Brickfields don in sayi abinci, sai sama ta ɓalle da ruwa irin na garin nan, wanda ba ya sallama. Kafin in kai rumfar wani shago, ruwan kwata ya haura idon sawuna. Na tsaya minti arba'in ina jin ƙafata tana iyo a cikin takalmin mutane.

Da na iso gida na jiyo muryar Bazazzagin a falo yana waya. Na tuɓe takalmin a bakin ƙofa, na juye abincin da na sayo a jakata, na jefa takalmin cikin ledar abincin na ƙulle. Na wuce ɗaki na tura shi ƙarƙashin gado. Niyyata in shanya shi da safe idan Bazazzagin ya fita. Bai fita ba, ƙarshen mako ne. Ranar Litinin ni na fita da wuri. Daga nan kuma sai abin ya zama ba na son kallon ƙarƙashin gadon. Duk Juma'a Malam yakan turo saƙo, "Ya ajiyata?" Ni kuma in amsa, "Tana nan lafiya, Malam."

Mako bakwai na yi kafin in kwance ledar. Warin ne ya fara fitowa. Funfuna ta rufe shi ciki da waje, fara da kore, kamar burodin da aka manta. Na wanke da sabulu, sannan na ƙara kuskure a kan kuskure: na kai shi baranda cikin tsakar rana, na bar shi kwana biyu, na shafe shi da man kaɗanya kamar yadda muke yi wa fata a gida. Fatar ta tsage a wurin lanƙwasar yatsu. Baƙin tabo ya zauna a hancin na dama, man takalmi kala uku bai rufe shi ba. Na cusa sababbin jaridu, na mayar da shi kwali.

Malam ya dawo a farkon Fabrairu, ya zo da kilishi da yaji. Mu ukun dai muka sake zama. Ya buɗe kwalin.

Bazazzagin ya leƙa ya ce, "Innalillahi! Ƙasar nan ko mutum ka ajiye a kwali sai ya yi funfuna. Ni bel ɗina biyu ta cinye. Malam, wallahi ba don ina tsokanarsa ba, mutumin nan ya yi ƙoƙari, da idona na ga yana shanya shi."

Na ce, "Laimar bana ta yi yawa."

Da bakina na faɗa.

Malam ya ɗauki na hagu ya juya shi. Ƙasan da ya bar mini sumul kamar tafin jariri duk ya karce, har da ɗan tsakuwa a maƙale kusa da dunduniya. Na shafe wata guda ina fama da saman takalmin, ban taɓa tunanin ƙasansa ba. Ya dube shi na ɗan lokaci, ya kife shi a cikin kwalin, ya rufe. Ya ce, "Allah Ya saka da alheri. An sha wahala." Sannan ya tura mana kilishin.

Na raka shi tashar jirgin ƙasa. Muna tafe yana ba ni labarin tsadar mota daga Abuja zuwa gida, ban ji rabinsa ba. Sai da muka kai gindin matakala na ce, "Malam, na saka shi. Ruwa ya dake ni da shi, na ɓoye a leda."

Ya ce, "Na gani."

Na ce zan nemo masa wani irinsa.

Ya ce, "A'a. Da ka kira ni ranar, da cewa zan yi ka saka, ka dai cusa masa jarida in ka dawo. Takalmi ai na takawa ne." Ya gyara riƙon kwalin. "Saƙon Juma'ar nan ne ya dame ni. Sau nawa na tambaye ka?"

Bai jira amsa ba, ya ce in gaida Bazazzagin, ya hau matakala.

Bai faɗa wa kowa ba, kuma bai canza mini fuska ba. Ya kare kundinsa a watan Afrilu da wani baƙin takalmi da ya saya a Chow Kit, ni na riƙe masa jaka a bakin ɗakin. Da zai je gida kafin bikin yaye ɗalibai, ya kawo kwalayen littattafansa uku gidanmu, ya ajiye su a ɗakin Bazazzagin.