Loma Ukun Zakari Mai Masauki

Idan ka sauka a tashar Gaya ka ce a kai ka gidan Zakari mai masauki, ko ɗan kabu-kabun da ya fara aiki jiya ba zai nemi kwatance ba. Gidan na ubansa ne, sana'ar ma gado ce. Fataken albasa daga Galmi, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, masu jiran takardun duwan, wato kwastan na kan iyaka, duk nan suke sauke jakunkunansu. Zakari ya ba su tabarma, ya nemo musu mai saye, ya saurari kukan hanya, sannan ya ciyar da su. To, wannan ciyarwar ita ta yi masa suna.

Ƙaton mutum ne, in ya zauna a benci sai an nemo wa sauran wani. A gidansa ba a kai wa baƙo kwano ɗaki. Bayan azahar ake shimfiɗa babbar tabarma a zaure, a ajiye tire ɗaya na tuwon shinkafa da miyar kifi, kowa ya kewaye. Akwai kuma wata doka da ba wanda ya taɓa faɗa da baki: muddin hannun maigida na cikin tire, baƙo ya ci abinsa, amma da ya janye, kowa sai ya janye, don ba ka ci maigida na kallon bakinka. Shekara talatin dokar nan ba ta cuci kowa ba, saboda Zakari, Allah ya sani, shi ne kullum na ƙarshen suɗe hannu.

Sai ga ciwon sukari. Ƙishirwa ba iyaka, ido na ganin dishi-dishi, ƙafa na zugi. Wani lokotoro, wato likita, a Dosso ya rubuta masa allura ta sati-sati, mai kama da alƙalami, wadda mutum ke yi wa kansa a ciki. Ya ce za ta sauke sukarin, ta kuma rage ƙiba. Zakari ya ɓoye ta a firijo bayan robar tumatir, ya ja kunnen matarsa Zuhura.

"Kada in ji maganar nan a bakin kowa. Wa zai kawo kayansa gidan mara lafiya?"

"To, Alhaji, na ji. Amma jiki ba ya riƙe sirri," in ji ta.

Allurar ta yi aikinta, ba ƙarya. Ido ya washe, ƙishirwa ta kwanta. Amma ta tafi da cin abincinsa gaba ɗaya. Mutumin da ke tashi da rabin tire, yanzu loma uku, ta huɗu sai zuciya ta fara tashi. Sannan ga gajiya, wata irin gajiya da bai taɓa sani ba, kamar an ɗaura masa buhun albasa a kowace ƙafa. Abin haushin ma, jiki ne kawai ya gaji, zuciyar ko kaɗan. In ya kwanta sai ya ji kamar ana kiransa a waje. In ya fito waje sai ido ya fara rufewa. Ya shiga, ya fita, ya leƙa ɗakin ajiya, ya manta abin da ya kai shi, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa.

Babu abin da bai gwada ba. Ya ci goro har haƙora suka yi ja. Ya sha shayin Buzaye mai ɗaci, ya bi da kafe, wato kofi, zuciya ta riƙa bugawa amma ƙafa ta ƙi. Ya sauya ranar allura don kada laushin ya faɗo ranar da kamiyoyi suka fi shigowa. Wani sati ma ya ƙi yinta ɗungurungum, sai ƙishirwar ta dawo da ƴan uwanta, dole ya koma. Da ya kira lokotoron a salula, aka ce masa ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya sha ruwa, ya ɗan kwanta da rana, gajiyar takan ragu.

"Kaɗan-kaɗan!" Zakari ya kashe salula yana tsaki. "Ni ɗan kaza ne?"

A zaure kuwa abu ya lalace, shi kaɗai ne bai lura ba. Yana loma ta uku sai ya janye hannu, ya jingina da bango yana fama da idonsa. Baƙi su dubi juna, su janye. Tire ya koma ciki kusan yadda ya fito. Zuhura, wadda ba ta shiga zaure, ta ɗauka girkinta ne ya ɓaci. Ta ƙara daddawa, ta rage barkono, ta sauya mai kawo kifi, har ta yi kuka a kan murhu ba wanda ya sani.

Rannan Seyni, wani direba da ya shekara goma yana sauka nan, na ba da labarin yadda kamiyonsa ya kwana biyu a lalace kusa da Tanda, ya kai daidai inda murya ke rawa, sai ya ji minshari. Maigida ya yi barci da baki buɗe. Seyni ya katse labarin, ya tashi. Da ya dawo wata tafiyar, wani sabon masauki na bakin tasha ya wuce. Biyu suka bi shi, sannan uku. Zakari ya ga tabarmi a naɗe a kusurwa, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Tsoro yake ji, tsoron a ce gidan da ubansa ya bari cike ya mutu a hannunsa.

Wata rana bayan an ɗauke tire, zaman gida ya gagare shi. Ya sa takalmi ya nufi tasha cikin zafin rana, ba don yana da abin yi ba. Yana tafe yana hutawa a inuwar motoci. A bayan wani kamiyo, kan bencin mai sayar da shinkafa da wake, ya hangi wani tsoho ya ba hanya baya, yana ci da sauri. Hama ne, bafataken Galmi, sa'ansa, wanda tun zamanin uban Zakari yake sauka gidan. Yanzun nan suka tashi daga tire ɗaya.

"Hama!"

Tsohon ya zabura, ya tura kwanon ƙarƙashin benci kamar an kama shi da sata.

"Maigida, kai ne cikin ranar nan?"

"Ka tashi daga gidana ka zo kana sayen abinci a tasha? Haba, Hama! Me na yi maka?"

Hama ya goge hannu, ya ce, "Ba ni kaɗai ba ne, dukanmu nan muke zuwa. Mun ga kana janye hannu da wuri, mun ga rigarka ta yi maka yawa. Muka ce ai tunda harkar iyaka ta tsaya, gida ya shiga matsi, kana rage cinka don mu, kunya ta hana ka faɗi. Shi ya sa muke barin tuwon, ko iyali sa samu na dare. Waɗanda suka tafi ma, ba fushi suka yi ba. Nauyi suka rage maka."

Zakari ya zauna a bencin. Ashe wata huɗu yana tayar da baƙinsa da yunwa, su kuwa tausayinsa suke ji. Wallahi da zagi suka yi da ya fi masa sauƙi. Nan, gaban mai shinkafa da kowa, ya ɗaga riga ya nuna wa Hama inda yake soka allurar, ya faɗi komai.

"Tabɗi!" in ji Hama. "Kai da wannan ƙaton kan naka, ka rasa abin ɓoyewa sai sukari? Rabin tashar nan na da shi!"

Washegari da aka ajiye tire, Zakari ya tsaya a tsaye ya yi wa baƙi bayani da bakinsa. Ya ce daga yau Hama ne zai zauna a wurinsa, hannun Hama za a bi. Shi kuwa ya shige ciki, Zuhura ta ba shi ɗan kwano, ya ci lomarsa uku, ya kwanta kamar yadda lokotoro ya ce.

Ina barci! Yana jin su ta bango, ana ci, ana dariya, wani na cewa a ƙaro miya. Ya ji daɗi, ya kuma ji ciwo, don tun yana saurayi ba a taɓa dariyar nan babu shi ba. Ya juya dama, ya juya hagu, ya tashi zaune. Zuhura ta ce, "Alhaji, don Allah ka kwanta." Ya ɗauki buta da tasar wanke hannu, ya ja ƙafa zuwa zaure, ya durƙusa da ƙyar gaban na farkon da ya gama.

Hama ya ce, "Subhanallahi! Maigida, kai da buta?"

"Kai dai ci tuwonka," in ji Zakari. Ya dubi baƙon da ke gabansa. "Ka ƙoshi dai? To, miƙo hannu."