Farifar Goggo

A gidanmu yaro ba ya cewa ga abin da ya fi so. In aka ajiye maka tuwo da dambu aka ce zaɓi, sai ka sunkuyar da kai ka ce duk wanda aka ba ka. Goggo ce ta koya mini haka, yayar babana, wadda ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye ta kawo ni garin Shagari. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu, mu biyu ne a sashenmu. Sana'arta gabu: ta sayi ganyen albasa ta daka, ta dunƙula, ta shanya, ni kuma in kai kasuwa. Har ƴan ajinmu suna tsokanata wai kafin a gan ni an ji ƙanshina.

Ina aji shida, lokacin mulkin farar hula na biyu, malamin Turanci ya kawo mana darasin da ya birkita mini lissafi. Wai kowa ya tashi ya faɗi abin da ya fi so a kan wani: I prefer mangoes to oranges. Kashegari ya ƙaro would rather da instead of. Ni da aka hana zaɓen tuwo, ga ni tsaye gaban jama'a ina fifita mangwaro a kan lemo, kuma har a tafa mini! Gaskiya abin ya yi mini daɗi.

Da yamma nakan zauna gefen turmi ina maimaitawa. Goggo ta dakata da taɓarya ta ce, "Ke, mi a farifa?"

Na fassara mata. Ta riƙe haɓa. "Watau su Turawa ba su da ta-ido? Mutum shi buɗe baki shi hwaɗi son ranai?"

Duk da haka kullum sai ta ce in yi mata farifa. Na fi son kaza a kan zabo, gara in yi shara da in yi daka. Ta yi ta dariya tana ce mini mara kunya, har ta gane kan abin: wanda aka fara ambata shi ne na zuci.

A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya yi tsada, sabulu da kananzir sai mai hanya, gabu kuwa wa zai saya tunda babu tuwon da za a yi wa miya? Muka koma kunu safe da yamma. Na lura Goggo takan ce ta sha nata tun ina makaranta, alhali ƙwaryarta a bushe take.

Wata Juma'a sai ga Baba daga Bodinga a kan kekensa. Shi yana da fadamar albasa, da ɗan dama-dama a wajensa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaya, zamanin ga ya yi tsanani. In kin yarda in tahi da ita, har Allah shi kawo sauƙi."

Goggo ta ce, "Ɗiyarka ta."

Ya juyo ya tambaye ni ina na fi so. Ina son in zauna, so mai tsanani, amma da wane baki zan gaya wa ubana ba na son gidansa? Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

Sai Goggo ta ce, "Ba ta yi karatunta na yau ba. Ke, yi muna farifa mu jiya."

Na ɗaga kai na dube ta. Na ce, "I prefer Shagari to Bodinga."

Baba bai san ko harafi ɗaya ba a boko. Ya ce, "Mi tac ce?"

Goggo ba ta ko ƙifta ido ba. "Ta ce Bodinga taf fi so. Tashi ki ɗauko kayanki."

Yaro ba ya ƙaryata babba. Na hau bayan keke da ƙullin kayana da wani ƙullin gabu, na yi kuka har muka isa. Na ƙoshi a Bodinga, ba zan ɓoye ba, amma na daɗe ina fushi da ita. In ta aiko a gaishe ni sai in yi kamar ban ji ba.

Sai bayan na yi aure na haihu, ta zo mini wankan jego, na samu bakin tambayarta. Tana tsugune tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi. Na ce, "Goggo, tunda kin san juya maganata za ki yi, don mi kis sa ni in hwaɗa?"

Ta gyara itace, ba ta waiwayo ba.

"Tahiya kam dole ta, ba ni da abin ba ki. Ni dai so nika yi in ji da kunnena."