Ranar da Gwaggo Dije Ta Fasa Ƙwai

"Wa ya ce a taɓa?"

Duk wanda ya zauna a Limancin Kona zamanin Gwaggo Dije ya san wannan tambayar, ya kuma san ba amsa ake nema ba. Ka kai hannu kan muciyarta, za ka ji ta. Ka matsar da butarta daga rana zuwa inuwa, za ka ji ta. Ni ina amarya ɗanya shakaf a ɗakin Malam Sani, ɗan wanta, na ɗauki ashanarta zan hura wuta, sai na ga kowane tsinke an tsaga shi biyu da reza. Ina tsaye baki buɗe, murya ta fito daga bayan labule.

"Wa ya ce a taɓa? Ajiye. Shiga maƙwabta ki ɗebo garwashi, ai tasu wutar ma tana ci."

Amma kaji su ne ranta. Kowace da sunanta, akwai Hajiya Babba, akwai Mai Gyale. Ba ta yanka, ba ta sayarwa, ƙwai kuwa ko ita ba ta ci. Wata Sallah Malam Sani ya yi baƙi daga ofis, ya durƙusa ya roƙe ta zakara ɗaya.

"Gwaggo, ko nawa kika ce zan biya."

"Baƙin naka ba su iya cin miyar kuka ba ne? Zakaran nan yana da iyali."

Sai na haifi 'yar farina, Saudatu. Yau na tsufa, kunya ta sake ni, zan iya kiran sunanta. A wankan farko ungozoma ta miƙe mata ƙafafu kamar yadda ake yi wa kowane jariri, yarinya ta tsandara wani ihu da ban taɓa jin irinsa ba. Cinya ta karye. Aka kira maɗori. Kun san aikin wasunsu: kafin ya ɗora mutum sai ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da kara, wai ranar da kazar ta taka ranar mai karayar zai warke. Gwaggo a lokacin ta tafi ƙauye jinyar wata 'yar'uwarta. Aka ce a ari kazarta ɗaya, kafin ta dawo ta warke, wa zai gaya mata?

Na goya Saudatu, ina jan zani, ta sake karyewa. Wata baƙuwa ta ɗaga ta tana mata wasa, ta karye. Duk karaya sai maɗori ya zo, duk zuwa sai an ari kaza.

Magana ta fara yawo a unguwa. Wasu suka ce yar da ita nake yi ina ɓoyewa, wasu suka ce kai, wannan ai maita ce. Surukata Inna ta yanke hukunci: za ta karɓi yarinyar, ni kuma in je gidanmu in huta. Na san irin wannan hutun, ba a dawowa daga gare shi. Malam Sani bai hana ba. Ni kuwa tsoro ya hana ni ɗaukar 'yata. Nono ma sai dai in sunkuya in ba ta tana kwance, hannayena a baya.

Ana cikin haka Gwaggo ta dawo. Ta shigo da ƙunshin kaya a ka, tun daga zaure take kiran kajinta. Sai ga su sun fito a jere, kowace da ɗaurin kara a ƙafa, suna ɗingishi. Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Gwaggo ta sauke kayanta a hankali.

"Mota ce ta shigo gidan nan?"

Inna ta fara bayani tana kame-kame. Gwaggo ba ta bari ta ƙarasa ba, ta faɗa ɗakina. Na ce yau kashina ya bushe. Amma sai ta tsaya kan Saudatu ta daɗe tana kallo, har farin idonta da ya yi shuɗi-shuɗi sai da ta leƙa. Ta fita ta ɗauko masaki, babbar ƙwaryarta da ko leƙawa ba a yi, ta farke matashin kanta da wuƙa, ta zazzage audugar rimin a ciki. Mu dai muna tsaye kamar an dasa mu. Ta kwantar da yarinya a kai, ta rungume masakin a ƙirji, ta ce in ɗauko mayafi.

A ƙasa muka fita ƙofar gari har babban asibiti. Na nuna mata tasi, ta harare ni.

"Ga girgiza, ga biya. Taka."

Likita ya ɗauki hoton ƙashin, ya zaunar da mu. Ya ce da ciwon aka haife ta, ƙashinta ne ba shi da ƙwari, ba a cika samun irinsa ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba ya warkewa, amma in an iya ɗaukarta da kwantar da ita za ta girma, hankalinta kuwa lafiya lau. Ni da na ji "ba laifin kowa ba ne" sai na fashe da kuka. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Likita, dakata. Wato kajina a banza aka karya?"

"Kaji kuma, Mama?"

Ta sunkuci masakinta ta yi waje. Har muka isa gida tana ƙwafa.

Ba a jima ba aka yi suna a maƙwabta, gida ya cika da mata. Gwaggo ta shiga da masakinta, Saudatu na ciki, ina biye. Hannaye suka yi caa za su karɓi jaririya, ta buga musu tambayar tata, kowa ya janye. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙwai, ta miƙa wa Talatu mai ƙosai, wadda ta fi kowa yaɗa zancen maita.

"Goya shi."

"In goya ƙwai, Gwaggo? Ai fashewa zai yi."

"Au, kin sani ashe."

Ta karɓe, ta ɗora a tafin hannu, ta danna da babban yatsa. Ƙwai ya fashe. Wallahi wata tsohuwa sai da ta yi salati da ƙarfi. Ba don Saudatu ba, don Gwaggo Dije ta fasa ƙwai da hannunta a gaban jama'a.

"To haka ƙashin yarinyar nan yake," in ji ta. "Allah ne ya yi ta haka, ba uwarta ba. Wadda na sake jin maita a bakinta, zan tare a ɗakinta in ci tuwonta har azumi."

Sannan ta nemi murfin kwano ta kwashe ƙwan tas, ta ce mai jego za ta soya.

Daga ranar ba bikin da ya wuce ta. Ta yi bayani, ta zagaya da ƙaramar ƙwarya, don ana bukatar katifar rimi, da kujera mai taya, da kuɗin motar zuwa asibitin ƙashi. Har ƙofar gidan wani attajirin unguwa ta tsaya ranar Juma'a bayan an sauko. Ya saurare ta, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya shafa.

"Amin, Alhaji. Amma addu'a ina da ita a gida, kafinta ne ba ya karɓa."

Shi ya biya kujerar.

Labari ya kai har Wusasa. Wata mata, Maman Iliya, ta zo da ɗanta mai irin ciwon, ita ma dangin miji sun sa ta gaba. Tun daga nan zaurenmu ya zama wurin haɗuwa, Gwaggo tana koya wa iyaye ɗauka da wanka da ƙwai a cikin tsumma. Da aka ce za a kai Iliya asibiti kuma ƙwarya ba ta cika ba, muka wayi gari akurki wayam. Ta kai kajin kasuwa, har zakara mai iyali. Malam Sani sai da ya leƙa akurkin har sau biyu.

Duk da haka Inna ba ta janye ba. Wata la'asar ta zo ƙofar ɗakina da sabon zanin goyo a hannu.

"Na yarda ba maita ba ce, Dije. Amma uwar da ba ta iya ɗaukar 'yarta, me za a bar mata?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta soke ni. Har lokacin Gwaggo ce ke ɗauka, ita ke wanka, ni sai kallo. Gwaggo ta ajiye masakin a gabana.

"Ɗauke ta."

"Gwaggo, zan karya ta."

"Za ta karye a hannun kowa, 'yar nan. Gara ta karye a hannun uwarta. Buɗe yatsunki. Hannu ɗaya ƙarƙashin kai, ɗaya ƙarƙashin ƙugu."

Na kasa kai hannu. Sai ta kama hannayena ta cusa su cikin audugar da kanta.

"Ni na ce a taɓa."

Na ɗago ta. Ba ta karye ba. Ta kama bakin mayafina ta sa a baki, ni kuwa hawaye har wuya. Inna ta ninke zaninta ta ajiye mini a bakin gado, ta fita. Ba a sake zancen hutu ba.

Saudatu ta karye bayan nan, sau da yawa, wani lokacin a hannuna. Ta kuma girma, ta yi makaranta a kujerar Alhaji, yau ɗinkin hula take yi, bakinta kuwa sak na Gwaggo. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da Gwaggo, da hantsi, Saudatu ta turo kujerarta bakin gado ta kama hannunta. Gwaggo ta buɗe ido ɗaya.

"Wa ya ce a taɓa?"

"Ni ce, Gwaggo."

"To, a hankali. Kar ki karye."

Ba ta janye hannun ba har ta cika.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Dije, Ya yafe mata. Yadda ta tallafi 'yata a kan audugar matashinta, Allah Ya tallafe ta da rahamarSa, Ya sa ƙasa ta yi mata laushi. Amin.