Nauyina a Kan Igiyar Baba

Ƙarfe sha biyu da rabi na rana aka kaɗa ƙararrawar cin abinci, ranar da na fara shiga kolej a Tawa. A teburinmu akwai ni, da ɗan wani malamin asibiti da aka kawo ubansa aiki daga Damagaram, da wasu yara 'yan cikin gari. Mai kula da mu yana tsaye a bakin ƙofa. Aka dire mana kwanon shinkafa, mai yana kwance a kai, ga nama. A gidanmu sai da salla ake ganin irin wannan. Na yi loma kaɗan, na janye hannuna.

Ga dalili. Mahaifina mai yasar rijiya ne a wani ƙauye kusa da Barmu. Rijiyoyinmu na Adar masu zurfi ne. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, a zura shi ƙasa ya kwashe laka. Tun ina ƙaramar makaranta ni ne mai shiga. Mutanen gari su ja gugan laka, Baba ya ja ni. Bai yarda wani hannu ya taɓa igiyar ba muddin ɗansa na ciki. Da zan taho ya ce mini:

"An ce gwamnati na kiwonku kamar ragunan layya. Ka kula da cikinka. Da bazara rijiyoyi na jiranmu, kuma ni ba raƙumi ba ne."

Don haka na kafa wa kaina doka. Da safe na sha kunu, burodin na ba wani. Da rana na ci daga gefen kwano, inda mai bai sauka ba. Da maraice, sauran yara na kwance ƙarƙashin inuwa, ni ina zagaya filin ƙwallo a guje. Tuwon dare kuwa, da na ji ya fara yi mini daɗi sai in tashi. Wannan ta ƙarshe ta fi wuya.

Ɗan Damagaram ne ya fara lura.

"Kai Ba'adare, azumin me kake yi? Wata bai tsaya ba."

"Na ƙoshi."

"Da me? Da ƙamshi? Miƙo naman nan, kada ya yi maraici."

Ya riƙa cinye rabona har wandonsa ya ƙi ɗauruwa, yana ce mini sandar makiyayi. Ban ji haushi ba. Yunwar ce ke da zafi, musamman a aji na bayan azahar, lokacin da rubutun allo ke rawa a idona. Sakamakona ya sauka. Malamin lissafi ya ɗauka lalaci ne, ni kuma ban yi masa bayani ba.

Kafin hutun bazara aka jera mu a ɗakin shan magani, aka auna kowa a kan sikeli. 'Yan ajinmu duk sun ƙaru. Ni na ragu a kan yadda na zo. Mai aunawar ya leƙa idona ya ce ko tsutsar ciki ce. Na fito ina murna.

Na isa gida a bayan motar ɗaukar gero. Inna ta shafa kafaɗata, ta je ta dama mini hura mai kauri. Baba ya dube ni sama da ƙasa ya gyaɗa kai. Ni ma na dube shi. Wuyansa ya zurma cikin riga, kuma yana tari yana dafa bango.

Washegari muka tafi rijiyar wani ƙauyen makiyaya. Ya ɗaura mini igiya da kansa, ya zura ni lafiya. Na cika guga, aka ja, na cika, aka ja, har ruwa ya fara tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafata. Na girgiza igiya. Na fara tashi. Da na kai wajen rabi sai igiyar ta tsaya. Na rataye ina juyawa, ina jin numfashinsa daga can sama. Sai na koma ƙasa kaɗan. Sannan na ji an fizge ni da ƙarfin da ba nasa ba.

Da na fito na tarar da mutum uku riƙe da igiyar. Baba na zaune a ƙasa, tafin hannunsa ya saɓule. Babu wanda ya dubi wani.

"Shinkahwar gwamnati ta zamna maka," in ji shi. "Ka yi nauyi, ɗan nan."

Makiyayan suna kallon haƙarƙarina, ana iya ƙirga su. Na ce, "Haka ne, Baba. Na yi nauyi."

"To, ka tsaya ga karatunka. Ba ka da sauran amfani ga rijiya."

Ya naɗe igiyar, ya ba ni na ɗauka har gida. Bai sake yasar wata rijiya ba. Na koma makaranta na ci abinci kamar kowa, amma ban ƙara jin daɗinsa ba a wannan shekarar. Baba ya rasu lokacin kaka, ina aji, sai bayan an binne shi labari ya iso ni. Har yau ban san ko ya yarda da abin da ya faɗa ba, ko kuwa hanyar sallamata ce ya samo a gaban mutane.

Kai da ka karanta wannan, ina roƙonka, kafin ka tashi daga inda kake zaune ka nema wa mahaifina gafarar Allah.